Aikin Talla a Kamfani: Yadda Za Ka Tsira Daga Taget, Bashi da Umarnin Baki

Ranar 28 ga wata, wajen la'asar, waya za ta yi ƙara. Manaja ne. Zai ce yankinku bai cika taget ba, wato adadin kayan da aka ɗora masa ya sayar, saura katan ɗari huɗu, ka je ka sauke wa Alhajin nan na Kasuwar Singa, kuɗi ya biyo baya. Ka ce masa ai Alhaji bai gama biyan na watan jiya ba. Ya ce, "Kai dai ka sauke, ni na ce." Bayan wata biyu masu binciken kuɗi su zo daga Legas, su tarar sunanka ne a kan takardar kayan, shi kuwa mai "ni na ce" ya rantse bai tuna ya kira ka ba.

Na yi shekaru ina tallan kayan masarufi a wani kamfani, ina yawo tsakanin Kano, Jigawa da Katsina, kuma wannan abin da na ba da labari ni ya faru da ni. Wata biyar ana yankar albashina. Aikin talla aiki ne mai albarka, ya aurar da mutane, ya gina gidaje, ya mayar da wasu manyan diloli. Amma an gina shi ne a kan maganar baki, kuma duk maganar da ba a rubuta ba, ƙaramin ma'aikaci ne ke biyan kuɗinta. Abin da zan shimfiɗa a nan ya shafi mai tallan kayan abinci da sabulu, da mai tallan magunguna, da ma'aikacin banki da ake turawa neman masu ajiya, mace ko namiji.

Mataki na ɗaya: karanta takardar ɗaukar aiki kamar mai sayen fili

Akwai abin da yawancin 'yan talla ba su sani ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 91, ta fayyace wanda take kira ma'aikaci, kuma ta cire wakilai da 'yan tallan kamfani matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfanin suke yin sa. Ma'ana, kariyar da wannan doka ta bai wa leburan da ke cikin masana'anta a Bompai ko Sharaɗa, kamar iyakance abin da za a yanka daga albashi, ba lalle ne ta rufe ka kai tsaye ba, kai da kake wuni a kan babur tsakanin shaguna. Babbar garkuwarka ita ce takardar da ka sa wa hannu, tare da kundin ƙa'idojin ma'aikata na kamfanin. Su ne alƙali zai fara buɗewa ranar da aka yi rigima.

Don haka kada ka sa hannu a ofis, a tsaye, ana jiranka. Roƙi kwana ɗaya ka tafi da ita gida. Fara duba sunan da ke saman takardar. Sau da yawa rigar da za ka sa da kayan da za ka sayar na wani babban kamfani ne, amma wanda ya ɗauke ka wani ɗan kwangilar samar da ma'aikata ne daban. Idan haka ne, ka sani shi ne ubangidanka a takarda, shi zai biya ka, shi zai sallame ka. Irin waɗannan kamfanoni doka ta ce sai sun mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ba laifi ba ne ka tambaya.

Sai batun kwamisho, wato ladan da ake ba ka a kan abin da ka sayar, inda aka fi yin kuka. Tambayi abu uku, ka ga amsarsu a rubuce. A kan me ake lissafa shi, kayan da ka sauke ko kuɗin da ya shiga asusun kamfani? Daga kashi nawa na taget yake fara aiki? Wane lokaci ake biya, ƙarshen wata ko bayan wata uku? Wani kamfanin sai ka cika kashi 100 cif kafin ka ga sisi, ka kai 96 ka tashi a tutar babu. Wani kuma ya rubuta cewa hukumar kamfani na da ikon canza tsarin duk lokacin da ta ga dama. Idan ka ga wannan jimla, to albashin tushe kaɗai za ka ɗora rayuwarka a kai, kwamisho ka ɗauke shi a matsayin tsintuwa.

Duba tsawon lokacin gwaji da abin da zai biyo bayansa, da kwanakin sanarwa kafin rabuwa, da kwanakin hutu, da kuma wace jimla ta yi maganar gibi ko bashin da abokin ciniki ya ƙi biya. Ka ɗauki hoton kowane shafi, ka tura wa kanka ta imel ɗinka na ƙashin kai.

Mataki na biyu: wanda zai tsaya maka

Kusan duk aikin da ake riƙe kaya ko kuɗi sai an ce ka kawo garanto. Mu kuma mun saba mu ruga wurin kawu ko yayan da ke aikin gwamnati, ya sa hannu don zumunci ba tare da ya karanta ba. Zauna da shi ka karanta masa. Wasu takardun suna cewa zai biya duk asarar da aka danganta da kai, ba iyaka, ba wa'adi. Ka nemi a sa iyakar kuɗi idan zai yiwu, ka kuma riƙe kwafi. Na ga zumuncin shekara talatin ya mutu a kan wannan takarda guda.

Mataki na uku: lissafa abin da aikin ke ci daga aljihunka

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. Kamfanoni da dama ba su ɗaga alawus ɗin mai daidai da haka ba, sai ɗan talla ya wayi gari yana tallafa wa kamfani da albashinsa bai sani ba. Yi wa kanka wannan gwaji: wata guda cur, rubuta duk abin da ka kashe saboda aiki. Mai, gyaran babur ko mota, katin waya da data, kuɗin 'yan dako, tikitin kasuwa, kwanan da ya kama ka a Hadejia ko Funtua. Cire shi daga abin da ke shigo maka. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya.

Da wannan lissafin za ka je neman ƙari, ba da "wallahi oga abubuwa sun yi tsada" ba, domin wannan shi ma ya sani. Ka nuna masa nisan hanyar da aka ba ka a mako, litar da take sha, da farashin ranar. Manaja na iya tura takarda sama, amma ba zai iya tura koke ba.

Mataki na huɗu: taget

Taget ba zalunci ba ne a kan kansa. Kamfanin da bai sa wa kansa adadi ba rufewa zai yi. Zaluncin yana zuwa ne idan wanda ya yanka adadin yana zaune a ofis mai sanyi bai san cewa kasuwarmu tana da yanayi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sukari, madara da man girki suna gudu kafin azumi, su lafa bayan Sallah. Da damina kuɗin mutanen karkara yana gona, wasu hanyoyin ma mota ba ta shiga, sai kaka ta yi kasuwannin ƙauye su farfaɗo. Akwai kuma garuruwan da rashin tsaro ya sa ba mai hankalin da zai kai kaya da yamma.

Ranar da aka ba ka adadin wata, ranar za ka yi magana, ba ranar 30 ba. Ɗauko abin da yankin ya sayar a wannan watan bara, da na watanni ukun da suka wuce, da yawan shagunan da ke saye a hannunka da gaske. Rubuta wa manaja saƙo cikin ladabi: ga abin da nake ganin zan iya, ga abin da zai sa in kai wanda kuka nema, misali a ƙara mini kwana ɗaya na mota, ko a kawo kayan da suka yanke a sito. Idan kaya sun yanke kwana tara a wata, rubuta ranakun. Ba a yi maka hisabin kayan da ba a ba ka ba sai in ka yi shiru.

Wata matsalar da ke karya taget ita ce kayan da ke kwararowa daga wani yanki. Babban dila a wani gari ya samu rangwame mai yawa, ya loda tirela ya kawo kasuwarka ya karyar da farashi, diloli su daina ɗauka a hannunka. Ɗauki hoton lambar da ke jikin katan, wadda ke nuna rukunin da aka sarrafa, ka haɗa da farashin da ake sayarwa, ka tura. Da wannan lambar kamfani zai gane ta inda kayan suka fito.

Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne cusa wa dila kayan da ka san ba zai iya sayarwa ba don kawai lissafin ƙarshen wata ya yi kyau. Watan gobe ba zai ɗauka ba, taget ɗinka kuma an riga an ɗaga shi bisa waccan ƙaryar. In kayan masu wa'adi ne su lalace a hannunsa, ya riƙe kuɗin kamfani, kai kuma ka rasa amanar mutumin da za ka shekara goma kana buƙata.

Mataki na biyar: bashi da kuɗin kamfani

Nan ne ake kifewa, don haka zan daɗe a nan.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwancinmu a kansa yake tafiya. Ba za ka yi talla a Singa ko Sabon Gari ko babbar kasuwar Kaduna ka ce ba ka ba da bashi ko na kwana ɗaya ba. Abin tambaya shi ne, wa ya ba da izini, kuma ina shaida? Kowane kamfani na da ƙa'idar wanda ya cancanci bashi, nawa, kwana nawa, da wanda ke da ikon amincewa. Nemi wannan ƙa'idar ka san ta.

Idan manaja ya kira ka ya ce ka sauke kaya saɓanin ƙa'idar, ba sai ka yi masa gardama ba. Da ka ajiye waya, tura masa saƙo ta WhatsApp ko imel: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta yanzu, zan sauke katan 400 wa wane a kan bashi, duk da akwai ragowar naira kaza a kansa. Ina jiran amincewarka kafin mota ta tashi." Sai ka jira. In ya amsa da "to", ka ɗauki hoton saƙon ka adana. In ya sake kira ya ce meye na rubutu, ka ce masa masu sito ne ke tambaya, ko kuma kawai ka ce kana so ka tabbatar ka ji daidai. Mutumin da ya ƙi rubuta kalma ɗaya a kan umarnin da ya bayar ya riga ya gaya maka wanda zai ɗauki laifin. Wannan saƙo guda shi ne abin da ban tura ba a waccan la'asar.

Ɓangaren dila ma haka. Duk kayan da aka sauke ya sa hannu ko yaronsa da ya wakilta, da kwanan wata da adadi. Wasu dattawan kasuwa za su ji kamar ka raina amanarsu. Ka tuna musu cikin girmamawa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma ka ce, "Alhaji, ba don kai ba ne, don rai da mutuwa ne." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi bayan an faɗa masa haka ba. Kowane ƙarshen wata ku zauna ku daidaita lissafi, littafinsa da naka, ya sa hannu a kan ragowar da ya yarda tana kansa.

Kada kuɗin kamfani ya shiga asusunka na banki, ko da na minti goma ne, ko da dila ya ce manhajar bankinsa ta ƙi tura wa asusun kamfani. Ranar da aka fitar da bayanan asusunka, babu bayanin da zai wanke ka. In tsabar kuɗi ka karɓa, ba da rasit, ka kai banki a ranar, ka ajiye takardar shaidar biya. Kada ka yarda da hoton tiransifa, sai ofishin kuɗi ya tabbatar ya shiga. Sannan babbar musiba: ɗaukar kuɗin da Musa ya biya a rubuta a sunan Isa don a rufe tsohon bashi kafin masu bincike su zo. Wani lokaci manajan ne da kansa zai ba ka shawarar. Ramin ba ya cikewa, matsawa kawai yake yi yana ƙara faɗi, kuma daga ranar da ka yi haka maganar ta tashi daga bashi ta koma zargin cin amana, wanda laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa.

Ka san wannan bambanci da kyau. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kawai saboda saɓanin bashi ko karya yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Idan dila ne ya ƙi biya kuma takardunka sun cika, ba hurumin ofishin 'yan sanda ba ne a tsare ka ko garantonka har sai an biya. Amma idan kuɗi ya shiga hannunka bai isa kamfani ba, wannan kariyar ba taka ba ce.

Mataki na shida: zama da manaja mai wuyar sha'ani

Ka tuna shi ma akwai wanda ke danna shi daga sama, kuma yawancin tsawar da yake yi da safe tsawar da aka yi masa ce da daddare. Wannan ba uzuri ba ne, amma yana nuna maka abin da yake tsoro, wato a ba shi mamaki a gaban nasa ogan. Ka riga shi kawo labari. In babban dilanka zai tafi Umara, ko gobara ta tashi a kasuwa, ya ji daga bakinka da wuri tare da abin da kake shirin yi.

Akwai abin da ake haƙuri da shi, akwai wanda ba a yi. Faɗa a kan aiki, kira a ranar hutu lokaci-lokaci, wannan yanayin sana'ar ne. Zagin iyaye a gaban abokan aiki, ƙwace maka manyan diloli a bai wa ɗan lele bayan kai ka raine su, neman kaso daga kwamishonka, hana ka zuwa Juma'a ko coci da gangan, waɗannan ba yanayin sana'a ba ne. Buɗe littafi ka riƙa rubuta rana, wuri, abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin. Fara yi masa magana ku biyu. In bai canza ba, rubuta wa sashen kula da ma'aikata, ka tsaya kan abin da ya faru, ban da zagi, ban da jita-jita. In kamfaninku na da ƙungiya, kamar NUFBTE ta ma'aikatan abinci da abin sha ko ASSBIFI ta manyan ma'aikatan banki da inshora, shiga tun kafin ka buƙace ta.

'Yar'uwa mai wannan aiki, ke nauyinki ya ninka. Akwai manajan da zai ce ki "san yadda za ki yi" da wani attajiri don ya buɗe asusu, akwai abokin cinikin da zai ce sai dai ku haɗu a otal da daddare. Ba ya cikin aikinki. Sa ganawa a ofis ko shago da rana, ki tafi da abokin aiki in kin ji shakka, kada ki goge saƙo ko ɗaya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraron ƙarar cin zarafi da neman lalata a wurin aiki, kuma waɗannan saƙonnin su ne shaidarki.

Mataki na bakwai: haƙƙoƙin da ba a gani a alat

Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba maka aƙalla kashi 10 na albashinka, kai a cire maka kashi 8, a tura wa kamfanin fanshonka cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Wasu suna cirewa ba sa turawa. Duba asusunka duk wata uku, in ka ga babu, rubuta musu, in sun yi biris ka kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Dokar ta kuma wajabta musu yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da kake samu a shekara ba. Iyalinka su san da wannan.

Mai wuni a kan titi kuma ya san da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. In ka yi haɗari a bakin aiki, ko a hanyarka tsakanin gida da aiki, sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, ka adana takardun asibiti da rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗura.

Mataki na takwas: takardar tuhuma, da ranar tafiya

In aka ba ka takardar tuhuma, amsa cikin wa'adin da aka sa. Kada fushi ya rubuta maka. Bi zargin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka haɗa da shaidarsa, ka sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka. Kada ka rubuta "na amsa laifina, a yi haƙuri" don an ce maka hakan zai sa a rufe maganar. Haka in aka shigar da kai ɗaki aka ajiye farar takarda aka ce ka rubuta ajiye aiki yanzu, ko ka sa hannu ka yarda da bashin da ba ka gani a lissafi ba, ka ce kana buƙatar lokaci ka yi shawara. Fita ka nemi lauya ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, suna sasanta irin wannan. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'o'in aiki, tana da rassa a Kano, Kaduna, Abuja da wasu biranen.

In kuma kai ne ka ga lokacin tafiya ya yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda kafin ka miƙa sanarwa, zagaya dilolinka ku daidaita lissafi, kowa ya sa hannu a kan abin da ke kansa. Ba da sanarwa daidai kwanakin da takardarka ta ce. Rubuta takardar miƙa aiki mai ɗauke da sunan kowane dila da ragowar bashinsa, da kayan da ke hannunka, babur, waya, na'urar POS, littafin rasit, wanda ya gaje ka da manaja su sa hannu. Lissafa kwamishon da kake bi ka nema a rubuce. Kada ka bar harabar sai da takardar da ke nuna ba a bin ka komai, ka kuma nemi wata daban da ke sauke nauyi daga kan garantonka, ka kai masa har gida. In ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba kuma ba ka kai shekara 50 ba, dokar fansho ta ba ka damar cire kashi 25 na abin da ke asusunka na fansho, kuma takardar barin aikin nan ita kamfanin fanshonka zai fara tambaya.